Baraka Mai Alkaki

"Ɗanɗana min wannan, Malama, ki faɗa min gaskiya. Kar ki duba wahalar da muka sha."

Baraka ta gutsuro nakiyar daga cikin turmi ta miƙa wa maƙwabciyarta. Malama Hauwa ta sa a baki, ta lumshe ido, ta bar ta ta narke a kan harshe. Zaƙi ne ya fara zuwa, sai man shanu, can daga baya yaji ya biyo.

"Zuma ta ji. Citta ma ta ji. Kanumfari ne ya yi ƙasa."

"Na faɗa!" Baraka ta juya wajen 'Yardada, matar ƙaninta marigayi, wadda ke tsaye da taɓarya tana share gumi. "Ban ce miki hancina bai jiyo kanumfari ba? Je ki dako min wani. Nakiyar Muhsina ce fa, ba ta kasuwa ba."

Muhsina ita ce autar Malama Hauwa, bikinta saura kamar wata guda. Tun ranar da aka sa rana Baraka ta ce garar yarinyar nan ba hannun da zai taɓa ta sai nata. Da nakiya aka fara, don tana daɗewa ba ta yi komai ba. Alkaki da dubulan sai biki ya matso.

Bazara ce, tsakar gidan ya ɗau zafi kamar kasko. Baraka na zaune kan kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafar hagu gefe guda, ƙafar kuwa cikin baƙar safa. Malama Hauwa ta ga safar tun shigowarta. Yanzu kuma ta lura ƙudaje sun bar kwanon zuma a buɗe, sun koma suna sauka kan safar.

Ta jira 'Yardada ta shige madafa, sannan ta matso.

"Yaya Baraka, safa a wannan zafin?"

"Kaushi ne. Na shafa mai na rufe."

"Cire in gani."

"Malama, ba aji muke ba."

"Cire in gani, don Allah."

Baraka ta kalle ta. Da ta ga ba za ta haƙura ba, ta sunkuya ta zare safar a hankali tana cije leɓe. Ƙafar ta kumbura har idon sawu. A saman 'yan yatsun akwai gyambo mai faɗin bakin kofi, gefensa ya yi baƙi, wari na tashi.

"Innalillahi! Tun yaushe?"

"Mai ne ya fantsamo min ranar da muka yi dubulan ɗin 'yan Gwammaja. Ban ma ji zafi ba. Ina sa masa zuma." Ta mayar da safar da sauri. "Ki rufa min asiri, Malama. In ɗana Usaini ya gani, asibiti zai kai ni, su kuma in suka kama mutum ba sa saki. A gama garar 'yata, wallahi da ƙafata zan je."

"Jikinki ma da zafi."

"Wa jikinsa ba zafi a garin nan? Ki yi min alkawari."

Malama Hauwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. 'Yardada ta fito da kanumfari a murfin kwano, aka zuba, taɓarya ta ci gaba da sauka.

Shekara ashirin da wani abu suna katanga ɗaya a wannan lungu na Jakara kafin su san juna da gaske. Malama Hauwa malamar firamare ce, mace mai shiru, ta fita da safe ta dawo da azahar, ta rufe ƙofarta. Baraka kuwa duk unguwa an san muryarta. Kakanninta da shanu suka zo Kano, har suka sayar suka zauna, ita ta tashi cikin man shanu, ta auri ɗan birni, ta koyi yin gara wajen uwar mijinta. Duk amaryar da za a kai wa alkaki na gani na faɗa, daga Jakara har Ƙofar Nassarawa, gidanta ake zuwa. A lokacin ƙatuwar mace ce mai dariya da ƙarfi, komai ta soya sai ta kai baki. Hayaƙinta yana shiga shanyar Malama Hauwa, ita kuma ta kwashe kayanta ba ta tanka ba. Tsakaninsu ina kwana, ina gajiya.

Shekara biyar da suka wuce, kwana kaɗan bayan babbar salla, ciwon ciki ya kayar da Baraka a bakin murhu. Ciwo ne da ke sukarta daga ƙahon zuciya ya ɓulla ta baya, ga amai ba tsayawa. A asibiti aka ce wata 'yar tsakuwa ce ta sauko daga maɗaciya ta toshe hanya, sai wata doguwar tsoka da ke bayan tumbi ta kumbura ta fara cin kanta. Likitoci na kiranta fankiriyas, ita ke narkar da maiƙo, ita ke daidaita sukari a jini. Baraka ta yi makonni tsakanin rai da mutuwa. Da aka sallamo ta, sai cikin ya shiga tasowa kamar na mai juna biyu, alhali hannuwanta sun koma kamar kara. Cokali biyu na kunu in ta sha, sai ya dawo. Mata suka fara shigowa dubiya da irin kallon da ake yi wa wanda aka cire rai da shi.

Usaini, ɗanta ɗaya da ya rage, mai sayar da yadi a kasuwa, shi ya yi sallama a zauren Malama Hauwa wata safiya. Ya ce za a mayar da Inna asibiti, ɗakin mata ba a barin namiji ya zauna, matarsa tana da tsohon ciki, 'Yardada kuma ba ta gane bayanin likitoci. Ko Malama za ta taimaka ta raka su na yini ɗaya? A lokacin ba ta daɗe da yin ritaya ba, ba ta kuma daɗe da fita takaba ba. Ta ɗauki mayafinta ta bi su. Yini ɗayan nan ya zama wata biyu.

Hoto ya nuna ruwa da ruɓaɓɓen nama sun taru a bayan tumbin sun yi jaka. Likitan tiyata ya ce yadda ta rame ɗin nan, in aka buɗe cikin da wuya ta tashi. Aka tura su wajen wata likita, 'yar siririya mai tabarau, wadda ta dawo daga ƙaro ilimi. Ta zauna a bakin gado ta yi wa Baraka bayani da Hausa tsaf. Za a sa ta barci, a zura wani tiyo mai fitila da kyamara ta bakinta har cikin tumbi, a huda bangon tumbin ta ciki, a sa ɗan guntun bututu, ruwan ya tsiyaye ya bi hanyar abinci ya fita.

"Wato ba wuƙa?" in ji Baraka.

"Ba wuƙa, Mama. Amma ba sau ɗaya za mu shiga ba, sai mun riƙa komawa muna kwashe abin da ya mutu."

"To bisimilla. Ta bakin na jawo wa kaina, a gyara ta nan."

Sau uku aka shiga da ita, ta nan kuma aka ciro tsakuwar. Cikin ya saɓe. Malama Hauwa ba ta manta ranar da ta ba ta lomar tuwon shinkafa da miyar kuka ba mai, ta haɗiye, suka zauna suna jira, bai dawo ba. Baraka ta riƙe hannunta ta fashe da kuka, ita ma ta taya ta, masu jinya na kallonsu.

Ta tashi, amma ba Barakar da ba. Rabin tsokar nan ta tafi, don haka sukari ya kama ta, sai allura safe da yamma. Duk abincin da za ta ci sai ta haɗiyi ƙwayar da ke taya ta narkarwa. Mai, kitse, man shanu, zuma, sukari, duk an yi mata katanga da su, kuma su ne sana'arta. Sau ɗaya ta saci guntun dubulan ta ci a bayan ƙyaure, ta yi kwana biyu tana zarya banɗaki, ba ta ƙara ba. Abin da ya fi yi mata ciwo azumi ne. Da likita ta hana ta, ta yi yini guda ba ta yi magana da kowa ba, daga baya ta sa aka riƙa dama kunu ana kai wa masallaci a madadinsa. Kayanta duk sai da aka rage su. Wata rana takan tashi jiki ba ƙwari, ta yini a kwance.

Usaini ya so ta bar sana'a. Ta ce in ta bari me za ta yi, ta zauna tana ƙirga azara? Hannu bai manta ba, hanci bai manta ba, harshe ne kawai aka karɓe. Sai ta leƙa ta katanga ta ƙwala kira, "Malama! Zo ki ara min bakinki." Da farko Malama Hauwa ba ta san abin da za ta ce ba sai "ya yi daɗi". Baraka ta koya mata bambance tsamin tsamiya da na lemo, da alkakin da ya sha zuma har ciki da wanda ya sha a baya kawai. Ita kuma ta koya wa Baraka yi wa kanta allura, ta ajiye mata kwalaben allurar a firjinta, in ba wuta a sa su cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. A haka Baraka ta ga jikoki biyu, ta goya su. Ta riƙa takawa da ƙafarta har kasuwar Kurmi ta zaɓo alkamarta da kayan ƙamshinta, 'yan kasuwa na yi mata barka da arziki. Malama Hauwa kuwa, da ta zaci zaman kaɗaici ne ya rage mata bayan mijinta, sai ga ta kullum cikin hayaƙi da surutu, har ana jin dariyarta daga lungu.

Duk wannan ne ya riƙa dawo mata bayan ta koma gida ranar nakiyar. Ta yi sallar azahar ta zauna kan dadduma ta kasa tashi. Ta san Baraka, in ta ce an ci amanarta, ta iya shafe mutum. Ta kuma tuna abin da likitar nan ta faɗa musu ranar sallama, cewa mai sukari ba ya wasa da ciwon ƙafa ko ƙanƙane ne. Kuma garar 'yarta ce ake so a yi wannan shirun dominta. Wannan ya fi komai tsaya mata a rai.

Muhsina ta dawo daga wajen tela ta same ta a haka.

"Umma, lafiya?"

"Miƙo min wayata."

Kafin la'asar Usaini ya iso da mai keken a daidaita sahu, ya bar shi a bakin titi saboda lungun ba ya shiguwa. Ya durƙusa gaban uwarsa ya zare safar da kansa. Da ya gani ya dafe kai.

"Haba Inna! Haba Inna!"

Baraka ba ta ko kalle shi ba. Malama Hauwa take kallo, wadda ke tsaye a bakin zaure.

"Haka muka yi da ke?"

"Ban yi miki alkawari ba, Yaya."

"Na ce ki rufa min asiri, kika kwance min zani. To na gode."

Usaini ya goya ta a bayansa har bakin titi, ba ta fi nauyin yarinya ba. Malama Hauwa ta biyo su da jakar magunguna. A cikin keken Baraka ta juya fuskarta waje.

Likitoci suka ce ciwon ya riga ya shiga jini. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa wa Usaini a baranda cewa da an ƙara kwana biyu, ba magana za a yi ba. Aka wanke gyambon aka yanke ruɓaɓɓen wurin, aka ɗaura mata ruwa da allurai. Malama Hauwa ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gadon kamar wancan karon. Ta ba ta ruwa ta sha, ta kai ta banɗaki ta dawo da ita, amma magana ko ɗaya. In Baraka tana son wani abu sai ta faɗa wa nas, ko ta ce da bango, "A ba ni carbina." Mai jinyar gadon kusa har ta tambaya a ɓoye ko 'yar aikinta ce. Malama Hauwa ta yi murmushi ta ce, "Maƙwabciya ce."

Da zazzaɓin ya sauka, biki ya matso, sai Malama Hauwa ta riƙa barin matar Usaini a wajen Baraka da rana, ta koma gida. Ita da 'Yardada suka ce bari su gwada alkakin, tunda ba makawa sai an yi. Suka kwaɓa, suka bar shi ya kwana, suka murza, suka soya. Ya fito da kamanni, amma da Malama Hauwa ta ciza sai da haƙorinta ya amsa. Ta zuba guda uku a ɗan kwano ta tafi da su asibiti. Ta ajiye kwanon a buɗe a kan durowar gefen gado, ta zauna tana ninke kaya.

Baraka ta daure, ta daure. Can hannunta ya miƙa. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta shinshina, ta matsa da yatsa bai fashe ba. Ta ƙwanƙwasa shi a ƙarfen gado, ya ce ƙwas.

"Wa ya kwaɓa wannan?"

"Ni da 'Yardada."

"La'ilaha illallahu. Wannan za a kai wa surukan Muhsina? So kuke a ce mun aiko musu da duwatsun jifa? Ba ku murje alkamar da mai ba kafin ku sa ruwa. Kuma wutar ta yi yawa, waje ya ƙone ciki bai ji ba. Shekara nawa 'Yardada tana gindina?"

"To ai ga ki nan, sai ki faɗa mana."

Baraka ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta ga fuskar Malama Hauwa, ta gane tarko ta ɗana mata don ta yi magana. Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, aka ɗaga ta aka ba ta ruwa. Da ta lafa ta riƙe hannun da ya ba ta ruwan ba ta saki ba.

"Ke dai ba ki da kirki, Malama."

"Na sani."

"Tsoro na ji. Ba asibitin ba. Na ji a jikina in na kwanta wannan karon ba zan koma bakin murhu ba."

Jikin nata bai yi mata ƙarya ba. Gyambon ya fara kamewa, amma likitoci suka ce ƙoda ta gaji, zuciya ma ta yi rauni. Likitar nan mai tabarau ta ji labari ta zo har gadon ta gaishe ta. Baraka ta gane ta tun daga ƙofa.

"'Yata mai tiyo! Zo nan in gan ki."

"Mama, ya jiki? An ce kin yi mana wasa da ƙafa."

"Na yi, Allah ya ba ku haƙuri." Ta kama hannunta. "Kar ki ɓata fuska. Kin san in mutum ya sayi abu a wajena, na gama auna masa, sai in ɗebo in ƙara masa gyara. Ni awona ya cika tun wancan karon, kowa ya gani. Shekara biyar ɗin nan gyara ce Allah ya yi min ta hannunki. Na ga 'ya'yan Usaini. Na taka ƙasa. Na sami 'yar'uwa a bayan katangata, da ban san tana nan ba. Wanda aka yi wa gyara ai ba ya cewa ta yi kaɗan."

Likitar ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

Baraka ta ce a kai ta gida, Usaini ya yi gardama, daga baya ya haƙura da likitoci suka ce ba abin da za su ƙara mata wanda ba za a iya yi a ɗakinta ba. Aka shimfiɗa mata katifa a rumfa, inda take hango murhu. Daga nan ta ja ragamar aikin. A kawo mata kwaɓi ta taɓa da bayan hannu. A rage itace. A ɗago ludayi ta ga yadda zumar ke zuba. Muryar ta yi ƙasa, sai an matso ake ji, amma ba abin da ya wuce ta. Malama Hauwa na gefenta, duk abin da aka tsamo ta ɗanɗana ta ba da labari, Baraka na kallon bakinta tana gyaɗa kai. Wani lokaci barci ya ɗauke ta ana tsakiyar magana, su yi ƙasa da murya, ta farka ta ce, "Na ji ƙauri," kuma da gaske ne.

Aka cika manyan robobi da kwanuka, aka jera a rumfar, aka rufe da sababbin zannuwa.

Ranar kai amarya, kafin a fita da Muhsina sai da aka shigo da ita gidan Baraka, a lulluɓe, ƙawaye na biye. Ta durƙusa a gaban katifar tana kuka.

"Inna Baraka, ki yafe min."

"Me kika yi min, 'yar nan? Ɗago in ga lallen." Ta riƙe tafin hannun tana dubawa. "Ya kama. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ki ga jikokinki. In uwar mijinki ta yaba alkaki, ki ce Ummanki ce ta yi."

Bayan an watse, gidan ya yi tsit, Baraka ta ce da Malama Hauwa, "Da kin biye min, da yau ina ƙarƙashin ƙasa ana wannan guɗar. Allah ya saka miki."

"Ni ce da godiya, Yaya."

"To saura abu ɗaya. In lokaci ya yi, ke za ki yi min wanka. 'Yardada ta zuba miki ruwa. Wannan kam ki amsa min da baki, na san halinki."

"Na yi alkawari."

Mako guda bayan biki aka kai gara. Washegari da hantsi Malama Hauwa ta shigo da labari. Muhsina ta bugo waya, ta ce dangin miji sun yi ta santi, wata gwaggon angon har ta ƙulle nakiya a bakin zani za ta tafi da ita Zariya. Baraka na kwance a ɗaki, tun jiya ba ta iya fitowa rumfa ba, ƙafafun sun kumbura, numfashin yana fita da ƙyar. Ta yi murmushi ba ta buɗe ido ba.

"Ta san abu," ta ce.

Dama Usaini ya zo da sassafe ya gaishe ta, ta sa masa albarka ta kore shi kasuwa. 'Yardada na waje tana wanke robobi. Baraka ta nemi ruwa, Malama Hauwa ta tallafo kanta ta ba ta, ta kurɓa kaɗan. Ta ce a buɗe mata taga. Hayaniyar lungu ta shigo, mai ruwa na tura kura yana neman hanya, wasu mata na gaisawa. Ta saurara kamar mai jin wani abu mai daɗi.

Can Malama Hauwa ta ji numfashin ya canza, yana tsayawa yana dawowa. Ta kira 'Yardada ta ce ta buga wa Usaini. Ita kuma ta sunkuya daidai kunnenta tana maimaita kalmar shahada a hankali. Leɓɓan Baraka suka motsa, suka bi ta har ƙarshe. Ta ja numfashi ɗaya mai tsawo, ta sauke. Malama Hauwa ta jira na gaba, bai zo ba. Ta sa tafin hannu ta rufe mata ido, ta gyara mata ɗankwali.

Kafin azahar lungun ya cika. Matan da ta yi wa gara, wasu da goyo, wasu da 'ya'yan da suka isa aure, suka zauna har cikin zaure. Malama Hauwa ta cika alkawarinta. Aka kewaye wani gefe na tsakar gida da zannuwa, 'Yardada na zuba ruwa tana sheshsheƙa, ita tana wankewa a nutse, dama kafin hagu. Suka sa ta a likkafani, suka fesa turare. Maza suka yi sallama suka shigo da makara. A kwanar lungu sai da suka karkata ta kafin ta wuce, ana ta "a hankali, a hankali". Mata suka tsaya daga cikin zaure suna jin takun ƙafafu yana nisa, har ya haɗe da ƙarar titi.

Malama Hauwa ta koma ciki. Wata ta ce ta zauna ta huta, ta ce to, amma ba ta zauna ba. Ta kwance zannuwan da aka yi labule da su ta ninke. Ruwan wankan ya kwanta a kan siminti, ganyen magarya na yawo a samansa, ƙamshin kafur na tashi cikin zafin rana. Ta ɗauki tsintsiya, ta sunkuya, ta shiga kora shi a hankali zuwa bakin rariya.